Shaidar Shamuwa

Kwana uku famfon Garin Malam bai yi ko tari ba.
Na wanke fuska da rabin moɗa,
na tafi jami'a karatun teku.

Malama Habsu ta kawo dutse daga Tanut,
fari, mai ɓarɓashi kamar busasshen ƙullu.
Ta daka, ta tace, ta ce, leƙa.
A ƙarƙashin madubin ƙara girma
ga gidaje, ɗaki bisa ɗaki, a murɗe,
dubu ba su cika bakin cokali ba.
Masu su sun yi shawagi ba ƙafa ba filafili
tun Damargu na kwance cikin ruwan gishiri.

Ta ce, kowa ya gina bangonsa da abin da ruwa ya ba shi.
Oksijin iri biyu ce, mai nauyi da marar nauyi.
In ruwa ya yi sanyi, mai nauyin ta fi shiga bango,
in ya ɗumama, ta ja baya.
Auna bango, ka ji zafin tekun da ba ka taɓa ba.

Na ɗauki biro. Ta dafa hannuna.

Tambayi shamuwa labarin Damagaram.
Za ta rantse maka gari ne kore shar,
tafkuna cike, kwaɗi na kwana hira,
ba kuma ƙarya ta yi ba.
Tsakiyar rani dai ba ta nan,
sa'ad da duwatsun Birni ke gasa tafin ƙafa.

Haka waɗannan.
Wani ba ya gini sai ruwa ya yi ɗumi.
Wani, zafi na zuwa, ya nutse inda duhu yake
ya rubuto wasiƙarsa daga can.
Teku ya sauya, su yi ƙaura,
su bi abin da jikinsu ke so,
su bar mana takarda mai cewa lafiya lau.

To wa za mu gaskata?
Ware su tukuna, in ji ta, da silin gashi ɗaya.
Kowa a tambaye shi wane wata ya zo,
a wane zurfi ya kwana.

Har la'asar ina tsintar shaidu.
Wuta ta ɗauke, madubi ya makance.
Na iso gida da alli a farce,
ƙanwata Baraka na ihu, ruwa ya zo!
Na tara hannu. Da zafi ya fito, bututu ya sha rana.
Ban janye ba.
Na tsaya jin abin da na bayansa zai ce.