Kwana Ashirin da Huɗu

Kwana ashirin da huɗu ne
daga Kranjska Gora zuwa wuyan Vršič,
ba kwanan barci ba, kwanar hanya,
kowace da lambarta a jikin allo
kamar ɗakunan asibiti.

Cvetka ta ce, da wace gwiwar?
Ta cusa min burodi da cuku a aljihu
ba ta ko dube ni ba.

Tinkara, jikata, kekenta mai batir ne.
Ba ya nishi. Ba ya tari.
Nawa kuwa sa'an uwarta ne,
sarƙarsa na tauna haƙora kamar mai zazzaɓi,
sirdinsa ya san ni fiye da likita.

Muka shiga kurmi da sanyin safe.
Itatuwa masu ganyen allura sun tsaya tsaf,
dogaye, ba sa gaisuwa,
ƙamshin ƙaronsu na shiga har maƙoshi.
Can ƙasa rafi yana wanke duwatsu
tun kafin a haifi mai ƙirga kwana.

Shekara talatin da ɗaya na yi a wannan hanya
a durƙushe, ba a kan keke ba.
Duwatsun daɓen da ke kowace kwana
ni da Ožbej muke cire su, mu mayar,
bayan ƙanƙara ta gama ɓarnarta.
Yau su ne ke girgiza min ƙashin baya.
Na shuka, ina girba ta sirdi.

A ta takwas ƙaramar majami'ar katako ce,
ta fursunonin Rasha da suka fasa hanyar
dusar ƙanƙara ta rufta musu.
Ban tsaya ba. Na dai rage numfashi,
na wuce kamar mai ratsa ɗakin da ake barci.

Ta goma sha ɗaya, giyata ta ƙare.
Na lalubi wata, babu.
Daga nan sai ƙafa da taurin kai.
Feda ɗaya, feda biyu,
zufa na ɗiga a kan ƙarfe,
zuciya na daka sakwara a kunnena.
Jar rigar Tinkara ta ɓace a cikin kore.

A ta goma sha bakwai na gan shi:
dutse guda ya ɗaga kai daga sahu,
kamar haƙorin da ke shirin faɗuwa.
Na sauka.
Kada wani ya ce gajiya ce.
Na durƙusa, gwiwar ta yi ƙara,
na tone yashi da makullin taya,
na juya shi, na nemo fuskar da yake kwanciya da ita,
na buga da dunduniya har ya yi shiru.

Da na ɗaga kai, ga ta tsaye,
ta gangaro kwana uku don nemana,
tana riƙe da kekuna biyu.
Ba ta ce komai ba. Ta kashe batirinta.

Sauran bakwai ɗin tare muka ci su,
tana haki, ina haki,
itatuwa na gajarta, suna ja da baya,
har sama ta buɗe ba zato,
farin dutse ko'ina, iska mai yanka kunne.

A ƙoli tumaki sun kwanta a tsakiyar kwalta,
ba ruwansu da wanda ya iso.
Muka raba burodin. Cukun ya narke a takarda.
Ta nuna ɗaya gefen, inda hanya ke zuba zuwa Trenta:
Kaka, can ashirin da shida ne.

Na matsa birki, na saki, na sake matsawa.
Na ce, Cvetka ta ɗora miya.
Amma ban juya kan keken ba tukuna.