Ganye Biyu da Toho Ɗaya

Kafin zakara ya gama gyaran murya
innata Lua ta riga ta hau tudu,
kwando a baya, malfa mai tsini a ka,
raɓa ta jiƙa mata wando har gwiwa.
Ganye biyu da toho ɗaya take tsinka,
ba ƙari, ba ragi.
Shekara arba'in, yatsunta sun rine
da koren da sabulu ya gaji ya ƙyale.

Daga tudunmu na Tan Cuong, in gari ya washe,
ana hango bututun masana'antar ƙarfe
suna tofa wa sama baƙin yawu.
A gindinsu yayana Khiem yake neman abinci,
shi ne mai tsaron bakin tanderu
inda ƙarfe ke narkewa kamar kitse.
Yakan dawo da ƙura a gira, ƙura a kunne.
In ya yi kaki a bakin rijiya
sai inna ta kau da kai, ta shige madafa.

Can take gasa ganyen da tafin hannu,
kasko na ƙuna, ita ko a jikinta,
tana juyawa, tana murzawa
har ya lanƙwashe kamar ƙugiyar masunci.
Ba ta barin ruwa ya tafasa ya haukace.
"Ruwa mai fushi," in ji ta, "ƙona magani yake."
Ta cika gora, ta ɗaure masa a keke:
"Sha. Ɗacin farko, yi haƙuri da shi.
Zaƙin nan da ke biyo baya a maƙogwaro
shi ke bin guba lungu-lungu yana kora."

Ni na raka shi asibiti
ranar da tarinsa ya hana gida barci.
Likita Thoan ta ɗaga hoton ƙirjinsa ga fitila,
ta daɗe tana kallo.
"Ya ci gaba da sha, ban hana ba.
Akwai abin arziki a ganyen nan,
wataƙila yana rage wa jiki tsatsa.
Amma gora ba takunkumin hanci ba ce,
kuma ba a tare ambaliya da faifai.
Ya rufe fuska.
In da hali, ya bar bakin wutar."

Na kawo wa inna saƙon ina jan ƙafa,
ina jiran faɗa.
Ba ta ce uffan ba. Ta ja ni gona,
ta shafi bayan wani ganye da babban yatsa,
ta nuna mini: baƙi-baƙi, laushi kamar kwalli.
"Tun bara nake gani," ta ce,
"duk sanda iska ta juyo daga gabas.
Wanda nake aikawa ya tare mini yaƙi,
ashe shi ma har gida ake biyo shi da duka."

Daren nan ba a ɗora kasko ba.
Na ji ta a duhu tana yaga tsohuwar riga,
tana neman kafar allura.

Yanzu akwai layin itatuwa a gefen gabas,
ni da ita muka dasa,
ba su kai kafaɗata ba tukuna.
Khiem ya koma wajen ma'auni, bakin ƙofa.
Albashi ya ragu, tarin ma ya ragu.
Ko ƙyallen hanci ne, ko nisa da wuta,
ko gorar ce,
ba wanda ya isa ya raba gardamar,
inna kuwa ba ta tambaya.

Da asuba takan ɗauraye ganye sau biyu,
ta kurɓi na farko da kanta,
ta riƙe a baki, ido a rufe,
tana sauraron ko akwai baƙo a ciki.
Sai ta haɗiye,
sannan ta miƙa masa gorar.