Ɗakin Soro Ya Shiga Waya

Shekara talatin da ɗaya ina raba wasiƙu a Damagaram,
ban taɓa neman lambar gida ba.
Sai ga Falmata, ɗiyar ƙanena, ta naɗe ƙafa bisa tabarma,
ta ce, Baba Kiyari, salula na son adireshi.
Na ce rubuta: bayan dutsen nan mai kama da raƙumi a gurfane,
in ka wuce mai alkaki,
ƙofa ta uku, mai zanen da damina ta lashe rabinsa.
Ta yi dariya, ta dangwala yatsa kan taswira.
Jan ɗigo ya faɗa cikin Birni
kamar inda ƙaya ta soki mutum.
Wai gidan ubana ke nan.

Muka fid da buhunan gero,
da tsohon keken aikina mai ƙafa ɗaya,
da akwatin ƙarfen da ba wanda ya san ina mabuɗinsa.
Hoto, in ji ta, shi ne sallama a can.
Ta hana a ɗauka da azahar, rana na cinye bango.
Muka jira la'asar sakaliya,
jar ƙasa ta nuna kamar dabino.
Akuya ta shigo hoto sau huɗu.
A na biyar muka ƙyale ta.

Gado nawa?
Ɗaya, da katifa daga Kasuwar Dole, ban gama biya ba.
Wuta?
Tana zuwa, tana tafiya, kamar dangi.
Ruwa?

Nan muka yi shiru.
Kowane ɗan garin nan ya san nauyin tambayar.
Famfo kan yi tari da asuba, wata rana ya tofa, wata rana ya haɗiye.
Falmata ta ce a sa akwai.
Na ce a sa randa biyu, tulu ɗaya,
da Ilu ɗan garuwa, wanda ba ya saɓa alkawari.
Hannun da ya riƙe asirin mutane bai buɗe ba
ba zai koyi ƙarya da furfura ba.

Sai kuɗin kwana.
Kakana fatoma ne a Zango.
Masu gishirin Bilma sun sauke kaya a zaurensa,
bai taɓa ce wa baƙo ɗaki nawa ba.
Tuwo kyauta, la'ada a ciniki.
Falmata ta ce ai kamfanin ma la'ada zai cire.
Ashe fatoman ne ya shige cikin waya,
ya bar mini shara da shimfiɗa.
Jaka bakwai, na faɗa a hankali,
kada bango ya ji.

Ta danna.
Kwana goma sha tara ina leƙa waya kamar mai jiran tukunya.
Na zaci bature mai malafa zai zo ya ɗauki hoton duwatsu.
Daren ashirin ta yi ƙara:
malamin makaranta ne daga Tanut,
zai kawo mahaifiyarsa aikin ido, kwana biyar.
Yana tambaya ko matakala na da tsawo,
kuma ko ana ragi.

Na duba sama, na duba ƙasa,
babu gurbin da ake rubuta ku taho, Allah ya sawwaƙe.

Matakala goma sha uku ce, na ƙirga da gwiwata.
Tsohuwa ba za ta hau ba.
Na kwashe kayana na koma soro,
na ba su ɗakina na ƙasa, wanda ba ya cikin hoto.

Falmata ta ce in sun tafi za su ba ni taurari,
daga ɗaya zuwa biyar.
Ga ni kwance, na sama sun fi ƙarfin ƙirga.
Ina jin tsohuwa na tari a ƙasa,
ina tunanin ko Ilu ya cika randa ta biyu.