Tulun Da Ya Tsage

Shekarar da rijiyar garinmu ta ja da baya,
gaba ashirin na igiya, guga na hawowa da laka,
mu muka san tsadar ruwa a gabas da Gumel.
Jarka ɗaya a gida: a sha, a dafa, a yi alwala.
Yaron da ya kifar da moɗa, ranar ya sha faɗa.

Cikin wannan hali Gwaggo Tasalla ta ce lambu za ta yi.
Dariya har dandali.
Barau mai shayi ya ce, "Tsufa ne ya iso,
mai neman na sha, ina shi ina tumatir?"
Ba ta tanka ba. Ta ƙara ɗaure zani, ta ce da ni,
"Ɗan nan, ɗauko kwando, juji za mu."

Muka bi bayan gidaje muna tono:
tulun da ya tsage, randar da bakinta ya guntule,
tukunyar da Delu ta yar tun bara don tana yoyo.
Ni kunya ta ishe ni, yara na binmu da ihu.
Ita ko sai ta ƙwanƙwasa kowanne da ɗan yatsa,
ta kara kunne kamar mai sauraron gulma.
"Wannan ya fashe da yawa, bar shi.
Wannan tsagarsa kamar silin gashi, shi nake nema."

Goma sha ɗaya muka samu.
Bayan rumbu, inda inuwar aduwa ke kaiwa da la'asar,
ta binne su har wuya,
ta kife sakaina a bakin kowanne,
ta kewaye su da toka da kashin awaki,
ta tsuguna ta dasa iri, tazarar taƙi guda.

Ruwan fa? Shi ma tsintarsa ta yi.
Kasko a ƙarƙashin mai alwala,
ɗaurayar kwanuka, ragowar buta,
ƙasari rabi na akuya, rabi na tulu.
Ni ne mai kaiwa, da magariba,
kwana uku kafin tulu ya sake neman ƙari.

Ashe tulu a ƙasa ba zubarwa yake ba, gumi yake.
Can ƙasa, inda rana ba ta da hannun sata,
yana ba saiwa kaɗan-kaɗan,
yadda ake ba mara lafiya kunu da ludayi.

Bazara ta yi tsanani, ƙasa na ƙona tafin ƙafa,
bayan rumbunmu ya yi kore shar.
Tumatir, barkono, yakuwa har da ta kyauta.
Barau ya leƙo ta danga, hula a hannu, yana tambayar farashi.
Delu ta zo a ba ta tukunyarta.
Gwaggo ta ƙirga mata tumatir bakwai a faifai,
ta ce, "Ga kuɗin haya, gobe ma ki dawo."

Daga nan juji ya rasa fasasshen tulu.
Jatau har sabo ya saya ya buga da dutse,
ya tashi ba tulu, ba lambu.

Bayan rasuwarta na tone guda don in gani.
Saiwoyi sun naɗe shi ta ko'ina, farare, sirara,
sun ƙi saki.
Na mayar da ƙasa na rufe,
na je na ɗebo ragowar buta.