Gishiri a Miya

A Nishabur, bayan tashar jirgin ƙasa,
babana ya manta sunana.
Shekaranjiya ya kira ni da sunan yayarsa
wadda ta rasu tun ban san dama da hagu ba.
Jiya kuwa cewa ya yi, “Baiwar Allah, wa kike nema?”
Ni ce Gulbahar, Baba.
Ni ce mai saka maka maɓallin riga.

Shekara arba'in yana gugar dutsen firuza
har shuɗin ya shige masa ƙarƙashin farce,
sabulu ya yi iya yinsa ya sallama.
Yau ga shi yana juya cokali a hannu
kamar wasiƙar da aka rubuto da baƙon harshe.

Likita ya ba ni ƙwayoyi kala huɗu,
ya ce katanga ce ruwa ya ci gindinta,
sai dai tokara.

Amma da almuru, in tukunyar shayi ta soma tsaki,
sai ya miƙe zaune, ya gyara hula,
baitoci su riƙa fitowa ba tuntuɓe,
na wani tsoho mai rigar ulu, faci kan faci,
da ya kwanta dama shekara ɗari takwas baya,
wanda ko kabarinsa ƙauyuka uku ke jayayya a kai.

“Gishiri ba ya cigiyar sunansa a miya,
wanda ya narke, shi ne ya iso.”

Na san baitin.
Na gan shi a bayan tirela a hanyar Mashhad,
na gan shi a jikin kofin da ake sayar wa baƙi
ninki uku na kuɗinsa.
Ƙanena Bahman yana turo min irinsa daga Hambug
da hoton faɗuwar rana a bakin ruwa,
amma shekara shida bai turo ƙafarsa ba.
Narkewa da daɗin faɗa
ga wanda ba shi ke wanke zanen gado da asuba ba.

Daren Talata na gaji.
Na wuni a kantin magani ina ƙirga canji,
na dawo na tarar ya zuba shinkafa a takalmi.
Na ɗaga murya. Allah Ya yafe mini, na ɗaga.
Na ce, tsohon nan naka mai faci,
ya taɓa jinya?
Ya taɓa biyan kuɗin wuta?
Ka riƙe maganarsa kaf, ba ka zubar da wasali ɗaya ba,
ni da na fito daga jikinka
ka bar ni na zube a hanya!

Ya dube ni yadda yake duban dutse a da,
yana neman inda jijiyar take.
Sannan a hankali, ba da ni yake ba,
ko kuwa da ni ɗin yake:

“Ka zo da ƙauna a rubuce kamar takardar bashi.
Masoyin nan ba Ya sa hannu.
Yaga ta, ka zauna.”

Ban ce na gane ba.
Ban ga haske ba, rufin ɗaki bai tsage ba,
firij ya ci gaba da gurnaninsa.
Na dai zauna a ƙasa ina tsince shinkafa,
ina jin takardar nan a ƙirjina
da sunana a rubuce sau dubu,
ina jiran mutumin da ba shi da ko sisi ya biya.

Wa ya gaya wa mai rigar ulu
za a yi wata mace a bayan tasha
mai farar riga da ciwon baya?

Yau na dafa miyar sha'ir da karas.
Na hura, na kai masa baki.
Ya kurɓa, ya lumshe ido,
ya ce, “Gishirin ya yi daidai. Wa ya dafa?”

Sunan ya zo min har kan harshe.

Na ce, babu kowa, Baba.
Sha, kada ta huce.