Kundin 'Yan Haya

Ƙarfe biyu saura na dare a Hull,
ruwa na bugun taga kamar mai bin bashi,
shagona ya rufe kansa ban sani ba.
Ɗan ɗaki ne na haya
cikin wata na'ura da ban taɓa sa wa ido ba,
fam tara duk wata. Nan nake baje
yajin tsire, daddawa, garin kuka.
Na ƙwanƙwasa, lambobi suka leƙo: biyar, sifili, uku.
Masu gida sun ce sai tara na safe.

Mu dubu nawa ne a gidan nan? Oho.
Ba ma haɗuwa a zaure, ba ma aron gishiri.
Amma akwai kundi, a buɗe, babu kwaɗo,
duk wanda ɗakinsa ya yi yoyo
ya rubuta inda ya ɗiga
da tsumman da ya cusa.

A ciki na tsinci Morwenna, mai zuma a Truro.
Shekara shida ke nan da ta rubuta:
in sun kwashe kayanka zuwa sabuwar na'ura, kar ka firgita,
buɗe fayil kaza, goge layi na bakwai.
Ƙarƙashinta wani Przemek ya soke bakwai ya sa takwas,
ko sallama babu.
Na goge takwas. Hannu na rawa, shayi ya huce.
Kuka ta dawo.
Daddawa ta dawo, har da farashinta.

Na nemi shagon zumar in yi godiya,
babu shi. Sunan ma an sa a kasuwa.
Ko ta gaji, ko ƙudan sun watse,
ko abin da ba na son faɗa.
Layinta dai na nan yana gadin dare,
ba albashi.

Sai nauyi ya hau ni.
Me zan zuba, ni da na koyi abin nan da lalube?
Mako uku ina juya shi, kafin na tuna
shekarar da na'urar ta cinye min ƙugiyoyi:
ɗanɗano ya koma tambaya biyu,
ƙamshi ya rasa kai,
ni kaina, Ɗanjuma, aka sa min ayar tambaya a goshi.
Kwana huɗu na sha kafin in gano
kalma guda ce za a sauya a saitin rumbu.
Na rubuta da Turancina mai ɗingishi,
na ɗan sa barkwanci a kan ƙosai,
na sa hannu: mai yaji.

Bayan wata biyu na leƙa, kamar mai duba shuka.
An taɓa min rubutu!
Wata Thủy daga Croydon ta jero haruffansu masu huluna,
wani Gethin ya miƙe min jimloli
ya yanke maganar ƙosan, wadda na fi so.
Na ƙirga. Kalma goma sha ɗaya ta rage tawa.
Na yi fushi har la'asar.
Na kai ƙara wurin Uwani,
ba ta ko ɗago daga awon barkono ba:
"Ya fi kyau yanzu, ko bai fi ba?"

Ya fi.
Na ce mata gas ɗin nan ya kusa ƙarewa.

Yau da asuba, kafin motar shara ta iso,
na koma wurin Morwenna.
Masu gida sun sake gyare-gyare,
takwas ɗin Przemek ya tsufa, tara ne yanzu.
Na soke, na sa.
Ni ma ban yi sallama ba.
Na bar sunanta a sama inda yake,
na tashi na ɗaure saƙon Aberdeen:
yaji ƙulli uku, da kuka,
matar ta ce a ƙara mata zafi.