Wake Ɗaya, Teku Biyu

Bayan la'asar ne, a Sabil, cikin Jidda,
a lungun da nake kafa kasko tun ban yi furfura ba,
wata mata ta ja tunga, ta ƙi wucewa.
Hijabinta sabo fil, karin shago bai sake shi ba.
Ta shaƙi hayaƙin mai, ta lumshe ido,
ta furta wata kalma, akaraje.
Na ce, "Ƙosai dai, baiwar Allah. Na nawa?"

Larabcinta gurgu, nawa na kasuwa,
muka jingina su da juna suka miƙe.
Sunanta Zulaida, daga Bahiya ta ƙasar Burazil,
umara ta kawo ta, gobe jirginsu zai tashi.

Ta nuna min uwarta a waya:
baƙar mace cikin farar riga mai faɗin rumbu,
ɗaurin kai ya tashi, tsakiya ta cika wuya,
manja na tafasa a gabanta ja wur.
Wai su tsaga shi suke, su cusa jatan lande da yaji.
Na ce, "Me ya kai ɗan ruwa cikin wake?"
Ta yi dariya har ta riƙe bango.

Sannan dariyar ta ɗauke.
Ta ce kakanninsu mata a ƙasan jirgin ruwa aka kai su,
suka yi talla a kai, titi titi,
suna ƙulle kwabo a bakin zane
har mace ta je ta sayi kanta.
Na tsaya da matsami a hannu.
Guda uku suka ƙone.

Ni kakata Talatuwa da ƙafa ta zo daga Gumel,
shekara bakwai, ta haihu biyu a hanya,
ta binne ɗaya kafin Sawakin.
Ta yo gabas don Allah,
an ja tasu yamma ba don Allah ba,
kuma kowacce ta isa da waken a ka.
Ko sun taɓa surfe a turmi ɗaya?
Wa zai faɗa? Teku ba ya ba da labari.

Ta zaro wani farin saƙi daga jaka,
raga-raga, kamar gizo ya yi karatu.
Ta ce a kan matashi ake yin sa, da 'yan sanduna
masu ƙwas-ƙwas kamar 'yan mata na gulma.
Wata uku ta yi a kansa, a wurin innarta ta koya.
Ta ce can in mata sun yi da'ira za su taka rawa,
faranti da wuƙa ma kayan kiɗa ne.
Na ƙwanƙwasa tire da cokali,
ƙafarta ta amsa a ƙarƙashin hijabi.

Sai yaro ya ƙwala, "Baladiyya!"
Na sunkuci kasko da tsumma, mai na tsalle.
Kafin in waiga ta ɗora tiren a ka,
ba gammo, ba hannu,
ta bi ni lungu tana tafe a tsanake,
wuyanta ya tuna abin da ba a koya mata ba.
Ko ɗaya bai faɗi ba.

Ta ci bakwai a zaurenmu, ta ƙi ruwan sanyi.
Na ƙi kuɗinta, ta bar min saƙin.

'Yata Sakina ta ce a sa shi a gilashi a rataye.
Na ce a'a, da shi nake rufe tire.
Yanzu duk ya sha mai, ya yi rawaya a tsakiya.

Ran Juma'a na nemo manja wajen 'yan Ghana,
na soya kasko guda.
Masu saye suka ce Kuluwa ta rikice.
Na kai gida, na tsaga ɗaya, ba ni da jatan lande,
na ci haka nan, ina fuskantar yamma.